Kwana 68 a gindin gadon Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da hakan ke ɗauke da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ambaci sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena, "Ku kira yayanku." In mu biyu ne kawai, "kai" ta wadatar. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ban taɓa zama a tabarmar da yake zaune ba, in ya shigo zaure ya same ni sai in miƙe in ba shi wuri. A cikin wannan kunya muka yi shekara 31, kuma babu wanda ya taɓa jin ta yi masa nauyi. Dole in fara da ita, domin wanda bai san ta ba ba zai gane abin da jinya ta yi mana ba, ni da shi.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne: masara, dawa, waken suya, duk abin da kaka ta kawo. Garinmu yana bakin titin da ya taso daga Gusau ya nufi Funtua, wannan titi kuwa shi ne gonarsa ta biyu. A farkon Satumbar 2021 komai ya tsaya cak a Zamfara. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, an dakatar da safarar dabbobi, an rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Maradun, sannan aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari. Da farko mutane kan shiga mota su je Funtua don kawai su kira 'yan'uwa, ba a daɗe ba can ma aka katse. Ni malamin firamare ne, saboda haka ina zaune a gida. Baba kuwa yana bin wasu mutane kuɗin masara a Funtua, ga gida ya fara jin jiki. Inna ta roƙe shi ya haƙura. Ya ce da rana tsaka za su je su dawo, shi da amininsa na ƙuruciya, wanda tare suka yi makarantar allo, tare suka fara awo a kasuwa.

A hanyar dawowa, bayan la'asar, tsakanin Yankara da Tsafe, aka buɗe wa motarsu wuta daga cikin dawa. Ƙarshen damina ne, ciyawa da amfanin gona sun fi tsayin mutum, ba ka ganin kowa sai ya tsaya a gabanka. Harsashi biyu suka sami Baba, ɗaya a cinyar hagu, ɗaya a ƙasan ciki. Waɗanda suke iya tafiya aka kora su daji. Shi aka bar shi a bakin kwalta, an ɗauka ya gama.

Da yake babu waya, labarin da ƙafa ya zo. Ana shirin magariba wani direba da ya san gidanmu ya yi sallama. Ina fitowa ya ce, "Sa takalminka ka zo." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

A wani ƙaramin asibiti na same shi, kwance a kan benci, babbar rigarsa fara ta koma wani launi dabam. Wani yaron mota da ban san ko waye ba, har yau kuma ban same shi ba, ya yaga hiramin wani fasinja ya ɗaure cinyar tamau daga sama. Likitoci sun ce min daga baya wannan ɗauri ya taimaka ƙwarai wajen tsayar da jinin. Ni idona yana kan cinyar, domin inda harsashin ya fita ya buɗe har kana hango farin ƙashi. Ramin cikin kuwa ɗan ƙarami ne, kan ɗan yatsa zai rufe shi, ko jini ba ya yi sosai. Wata dattijuwar nas ta ɗaga rigar ta duba, ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan ƙaramin shi ne abin tsoro."

Kafin ta kai ga taɓa shi sai da aka yi ja-in-ja. Wani ma'aikaci a bakin tebur ya ce harbin bindiga ne, ba za a sa hannu ba sai an kawo takardar 'yan sanda. Dattijuwar nan ta ce masa, "Mutum yana zubar da jini kana maganar takarda?" Ta ture shi gefe, ta nemi jijiya a hannu biyu ta ɗaura ruwa. A lokacin na ɗauka alfarma ta yi mana. Sai daga baya na san cewa tun Disambar 2017 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani, wanda ya ɗauko mai rauni kuma ba a yarda a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci ba. Kusan shekara huɗu da yin doka, amma ni mai koyar da yara ban san ta ba, balle direba da yaron mota. Tun daga ranar duk wanda ya zauna da ni sai na faɗa masa, domin mintunan da ake ɓatawa a bakin teburin nan jinin mutum ne.

Asibitin ba shi da ɗakin tiyata, sai an tura mu gaba, ga dare ya yi. Babu direban da zai hau wannan titi da duhu, ko nawa za ka ba shi, kuma ban ga laifinsu ba. Haka muka kwana. Ina zaune a ƙasa ina kallon cikin Baba yana kumbura yana tauri, kafin tsakar dare ya zama kamar katako, ko iska ta taɓa shi sai ya yi nishi. Yana ta cewa ruwa, ruwa, nas ta hana. Na jiƙa auduga ina shafa masa a leɓe. Da asuba wani maƙwabcinmu ya zuƙo ɗan fetur ɗin da ya rage a janaretarsa, wani ya kawo na babur, aka haɗa aka zuba wa motar. Mun yi fiye da awa uku a hanya, kan Baba yana kan cinyata. Wannan ne karo na farko da na taɓa jikinsa tun ina yaron goye.

Mun isa babban asibiti a cikin yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, wanda aka fara tun farkon Agusta bai ƙare ba sai farkon Oktoba. Ɗakuna da yawa babu kowa. Allah ya haɗa mu da wani babban likitan tiyata, mai furfura a gemu, wanda ya danna cikin Baba sau ɗaya ya ce a shirya ɗaki. Aka miƙo min doguwar takarda: safar hannu, zaren ɗinki, ledojin ruwa, auduga, bandeji, allurai, robar fitsari. Sannan jini leda 4. Ɗakin ajiyar jini zai ba ka, amma sai ka kawo masu mayarwa. Na ba da leda ɗaya, ƙanena ya ba da ɗaya, direban da ya kawo mu ya naɗe hannun riga ba tare da an roƙe shi ba. Ta huɗu wani saurayi ne da ke jinyar mahaifiyarsa ya ji muna cigiya a baranda ya ce, "Ku auna nawa." Bayan haka aka kawo takardar amincewa. "Kai ne babban ɗansa? Sa hannu nan." Hannuna yana rawa na sa.

Sun shige da shi kafin azahar, ba su fito ba sai da aka yi la'asar. Likitan ya zaunar da ni a benci, ya juya bayan wata takarda ya zana min ciki da biro. Ya ce harsashin irin wannan bindiga ba rami kawai yake yi ba, gudunsa yana dagargaza naman da ke kewaye da hanyar da ya bi, shi ya sa ƙofar shiga take ƙarama, ɓarnar take ciki. Ya huda ƙaramin hanji a wuri biyu, sun ɗinke. Ya kuma yaga babban hanji, bayan gida ya zube a cikin ciki ya kwana. Da an kawo shi cikin 'yan awoyi da wataƙila sun haɗa hanjin nan take, amma yanzu wurin ya gurɓace, in aka ɗinke zai iya warwarewa. Don haka sun fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, ta nan zai riƙa bayan gida a cikin jaka har ciki ya huce, bayan wasu watanni a mayar. Cinyar kuma sun wanke, sun yanke mataccen nama, sun bar ta a buɗe da gangan, domin ciwon harsashi in aka rufe shi da wuri mugunya yake tarawa. Ƙashin ya karye gida-gida, an huda shi da ƙusoshin ƙarfe an ɗaure su da sanda daga waje.

Na ce, "Likita, zai rayu?" Ya ce, "Mun yi namu. Kwana biyar masu zuwa su ne za su nuna. Ka yi ta addu'a, kuma kada ka yi nisa."

Ban yi nisa ba. Majinyata suna da garinsu a barandar ɗakin maza: kwali a ƙasa, tabarma a kai, buta, kula, bargo, da sauro wanda ba ya jin magani. Kowa ya san gadon kowa. In ka tafi sayen magani maƙwabcinka zai duba maka ledar ruwa, in ta kusa ƙarewa ya kira nas. In aka kawo wa wani abinci daga cikin gari, mu na nesa za a ce mu matso. Da dare in ka ji an ja labule an kewaye wani gado, sai baranda ta yi tsit, kowa ya san abin da ya faru, da safe a taru a taya mai shi ɗaure kaya.

A dare na uku zazzaɓi ya rufe Baba. Ga roba a hanci tana janyo wani koren ruwa daga ciki, ga robar fitsari, ga ta iska, jikinsa kamar garwashi. Ya fara sambatu, yana lissafin buhuna, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Can sai ya buɗe ido ya kira sunana. Sau uku, a fili, yadda ake kiran yaro ƙarami da ya ɓace a kasuwa. Na ce, "Na'am Baba, ga ni." Ya kama hannuna ya riƙe har gari ya waye. Ba zan iya cewa daɗi na ji ba. Tsoro ne ya kama ni, domin na san Baba a cikin hankalinsa ba zai yi haka ba, na ɗauka bankwana ce. Na fita bayan ɗakin na yi kukan da ban yi ba tun ranar da direban nan ya yi sallama.

Zazzaɓin ya sauka a rana ta shida. Likita ya sa abin saurare a cikin ya ce hanji ya fara motsi, a ba shi ruwa cokali-cokali. Sai ruwan shayi, sai koko mai ruwa-ruwa. Da hankalinsa ya dawo, sai ainihin jarrabawar ta fara, domin a ranar ne ya ɗaga zane ya ga jakar.

Bai ce uffan ba. Ya juya fuska ga bango, ya yini a haka. Nas-nas ba su da yawa, biyu ne ko uku a kan ɗaki guda, don haka sun koya min yadda ake yi: a cire tsohuwar jaka a hankali don kada fata ta biyo, a wanke kewayen da ruwan ɗumi, a bari ya bushe sarai, a shafa man da ke kare fata, a yanka bakin sabuwar daidai girman hanjin, a manna. Bakin hanjin ja ne jawur, mai danshi, kamar cikin kumatu, ba ya jin zafi in an taɓa, amma fatar da ke gefensa in ƙazanta ta zauna mata sai ta saɓule kamar ƙuna. Ranar da na zo da roba da ruwa zan yi da kaina, Baba ya ce, "Kai, kira nas." Na ce, "Baba, suna wurin wani, kuma ta cika." Ya yi shiru mai tsawo. Sai ya miƙa hannu ya jawo hiraminsa daga kan matashi, ya shimfiɗa a fuskarsa, ya rufe ta ruf.

Haka muka yi har ƙarshe. Duk lokacin da zan canza jaka, ko in yi masa wanka da tsumma, ko in juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, sai ya rufe fuska da hiramin nan. Ni kuma ba na magana, ba na tari, ba na barin numfashina ya canza ko wari ya kai ina. In na gama sai in gyara zane, in ɗauki roba in fita, in ɗan jima a waje. In na dawo na tarar ya ninke hiramin, sai in gaishe shi kamar yanzu na zo: "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Ba mu taɓa shirya wannan da baki ba. Amma da shi ya iya haɗiye abin, da shi ni ma na iya kallon idonsa.

Abin da ya fi ci masa rai salla ce. Mutumin da ban taɓa ganin ya rasa sahun farko ba ya yi kwana da kwanaki yana cewa ba zai tsaya gaban Ubangiji da najasa manne a jiki ba. Akwai wani malami dattijo da ke zagaya marasa lafiya ranar Juma'a, na je na same shi a keɓe. Ya zo ya zauna a bakin gado, ya yi ta hira da Baba a kan farashin masara kafin ya gangaro kan maganar. Ya ce masa hukuncinsa hukuncin mai uzuri ne, irin mai yoyon fitsari, abin da ke fita ba da ikonsa ba ba ya hana shi salla. In ruwa zai cutar ya yi taimama, in ba ya iya zama ya yi a kwance da nuni. Na fita harabar asibiti na samo wani faffaɗan dutse mai santsi, na wanke na ajiye masa a cikin loka. Da la'asar na ga ya ɗora tafukansa a kai. Tun daga ranar ya fara cin abinci da ɗan marmari.

A rana ta tara ɗinkin cikin ya buɗe daga ƙasa, mugunya ta fito. Aka warware zare uku, aka koma wankin ciwo safe da yamma, wani lokaci da zuma ake cika ramin kafin a rufe. Kuɗi kuwa suna tafiya kamar ruwa a rairayi. Jakar nan kaɗai abin kuka ce, ga tsada ga wuyar samu, na ga waɗanda suka gaza suna manna ledar ƙanƙara da filasta. Shanun huɗa biyu da Baba ke ji da su aka sayar a cikin gari, a farashin da mai saye ya ga dama, tunda babu kasuwa babu fitar da dabba. Inna ta sayar da awakinta. Duk wannan ta wasiƙa muke yi, kamar zamanin kakanni. In rubuta a takardar makaranta in kai tasha in ba direba, bayan kwana biyu amsa ta zo da kuɗi a ƙulle cikin leda, da rubutun ƙanwata: "Inna ta ce ya mai jiki, ta ce ka riƙa cin abinci."

Ana cikin haka Baffa, ƙanen Baba, ya zo dubiya. Ya ga ƙarafunan da ke tsaye a cinya, ya ji abin da aka kashe, sai ya ja ni waje. Ya ce akwai mai ɗori a wani ƙauye kusa da mu, gadon gidansu ne, sati uku mutum yake miƙewa. Mu nemi sallama mu tafi, kada a ƙarar da gida a banza. Ba mugunta ce ta sa shi ba, shi ma yana da 'ya'yan da yake tunani, kuma ni kaina na san mutanen da masu ɗori suka gyara. Amma karayar da fata ba ta fashe ba daban take da wadda harsashi ya yi, mai buɗaɗɗen rami da gutsattsarin ƙashi. A gado na uku daga namu akwai yaro ɗan shekara 9 da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, aka ɗaure masa hannu da kara tamau har jini ya daina zuwa, kafin a kawo shi yatsun sun yi baƙi, aka yanke daga gwiwar hannu. Na kai Baffa ya gaishe da mahaifin yaron, ban ce komai ba. Da muka fito na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi min afuwa, ban taɓa musa maka ba, amma wannan karon ba zan sa hannu a takardar sallama ba." Ransa ya ɓaci, ya tafi ba sallama. Bayan mako biyu sai ga saƙon kuɗi daga wurinsa, ya sayar da buhunan wakensa.

Akwai abin da muka ɓoye wa Baba. Amininsa bai tashi daga wurin ba, a ranar aka yi masa sutura. Inna ta aiko cewa kada a faɗa masa sai ya yi ƙarfi, duk mai zuwa dubiya sai na tare shi a baranda na ja masa kunne. Shi kuma bai taɓa tambaya ba, wannan ya sa na ɗauka dabararmu tana ci. Sai wani dare, wajen sati na biyar, ina tsammanin ya yi barci, na ji ya ce, "Kai." Na ce, "Na'am." Ya ce, "An kai wa iyalinsa wani abu?" Na rasa abin faɗa. Ya ce, "A kafaɗata ya faɗo. Ni na yi masa kalmar shahada. Ku daina wahalar da kanku." Ashe duk kwanakin nan shi ne yake lallaɓa mu. Ya ce a cikin kuɗin da ake binsa a Funtua akwai rabon marigayin, ya faɗi adadin har da 'yan canji, ya ce in rubuta, kuma kada a taɓa ko sisi a kai wa asibiti.

A daren ne kuma ya ba ni labarin abin da ke hana shi barci. In an buga ƙofa da ƙarfi, ko salansar babur ta yi ƙara a waje, sai ya ji ƙamshin ciyawar nan da ƙaurin albarushi kamar yanzu ne. Na faɗa wa likita a wurin zagaye. Ya ce wannan ma ciwo ne, yana da masu duba shi, ba rashin tawakkali ba ne. Baba bai yarda ya ga kowa a kai ba, amma ya yarda in matso da tabarmata daga baranda zuwa gindin gado.

Masu gashin ƙashi suka karɓe shi bayan an rufe ramin cinya. Wata matashiya ce ke zuwa, sa'ar ƙanwata, ba ta jin roƙo. Gwiwar ta sandare saboda kwanciya, in ta lanƙwasa sai gumi ya keto masa. Ta ce, "Baba, yau kaɗan za mu ƙara a kan na jiya." Ya ce, "'Yar nan, ke ba ki da tausayi?" Ta ce, "Tausayin ne ya kawo ni." Ranar da aka fara zaunar da shi jiri ya ɗebe shi. Ranar da ya tsaya a kan sandunan hammata, ƙafa ɗaya a sama, ɗakin maza gaba ɗaya aka ɗauki kabbara, har da waɗanda ba sa iya ɗaga kai. Taku huɗu ya yi ya koma. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai, ga shi hannayensa sun zama kamar sillan kara.

An sallame mu a ƙarshen Nuwamba, hunturu ya fara busawa, kwana 68 cif. Gida ya cika da 'yan barka. Amma da aka watse sai Baba ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Jakar tana ƙara ba tare da sanarwa ba, yana tsoron ta yi a cikin sahu, yana tsoron wani ya ji wari. Wata uku yana salla a ɗaki, masallaci kuwa ga shi nan a ƙofar gida, yana jin kiran salla yana jin tayarwa. Ni na ci gaba da zuwa safe da dare, da robata da ruwan ɗumi, shi kuma da hiraminsa. A Fabrairun 2022 hoto ya nuna ƙashi ya kama, aka cire ƙarafunan. A Maris muka koma aka mayar da hanjin, muka ƙara kwana 11. Ƙafar hagu ta gaza ta dama da kamar faɗin yatsa biyu, wani mai gyaran takalmi a bakin tasha ya ƙara wa takalminsa tsayi da tayar mota. Akwai ɗan gutsuren harsashi da likitoci suka bari a cinyar, sun ce tono shi ya fi barinsa haɗari. Duk sanyi yana tuna masa da kansa.

Kwana kaɗan kafin azumin shekarar, na zo da asuba kamar yadda na saba, na ɗora ruwa a wuta, na surka, na kai banɗaki, na ajiye kujerar da yake zama a kai. Na dawo na kama shi muka taka a hankali har bakin ƙofa. Na sa ƙafa zan shiga tare da shi, sai ya tokare ƙofar da sandarsa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Kai, ina za ka?" Na ce, "Baba, in taimaka maka." Ya ce, "Jeka waje. Ka ce wa uwarku ta miƙo min sabulu."

Na koma zaure na zauna ina jin ƙarar ruwa yana zuba. Ya daɗe ƙwarai, sau biyu ina miƙewa ina komawa. Da ya fito ya sa farar riga, ya ɗora hiramin a kafaɗa, ya ɗauki sanda ya nufo zaure, takalmin nan mai tayar mota yana ɗan jan ƙasa. Na tashi na ba shi wuri. Ya wuce ni ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wa ƙaramin ƙanenmu, "Faɗa wa yayanku ya yi sauri, za a tayar da salla."